Gajeriyar Kujerar Mama Leda

Duk layin babu wanda ya san ta da wani suna sai Mama Leda, kuma ba sayar da leda take yi ba. Falonta ne ya jawo mata sunan. Kujerun kushin uku ne a cikinsa, babba mai cin mutum uku da ƙanana biyu, masu launin zuma, kuma shekara goma sha ɗaya suka yi lulluɓe cikin ledar da aka kawo su da ita daga shago. In baƙo ya zauna, kujera ta yi ƙara kamar an taka busasshen ganye. In zai tashi, musamman lokacin zafi, sai ya ɓamɓare cinyarsa a hankali yana murmushin dole. Baƙin ma ba kowane ba. Akwai baƙon benci a tsakar gida, akwai na tsaye a bakin ƙofa, sannan akwai baƙon falo, wanda ba a samun irinsa sau biyar a shekara. Ita kanta mai falon ba ta taɓa ɗora jikinta a kan ko ɗaya ba.

Kada wani ya ɗauka marowaciya ce. Wanda ya shiga gidanta da yunwa ba ya fita da ita. In an yi rasuwa ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tafiya, kuma tsintsiyar majami'a ta san tafin hannunta fiye da na kowa. Gajeriya ce, gajarta ta sosai. Ranar Lahadi in ta zauna a bencin mata ƙafafunta ba sa kai ƙasa, sai ka gan su suna lilo daidai da kiɗan waƙa, ita kuwa ta rufe ido tana rerawa da iyakar ƙarfinta. Ba za ka gan ta a haka ka ce ba ta ƙaunar Ubangiji ba. Tana ƙaunarsa, ta kuma san tana ƙaunarsa, shi ya sa abin ya daɗe bai fito fili ba.

Shekara talatin da biyu ta yi tana shara da goge-goge a wani ginin ofisoshi mai hawa huɗu. Kujerun ginin nan ta san su ɗaya bayan ɗaya, masu juyawa da masu fata da dogayen da ake jera wa masu jira. A watanta na biyu da fara aiki, bayanta ya riƙe, ta ɗan ɗosana a gefen wata kujera a ɗakin karɓar baƙi. Matar da ke buga takardu a wurin ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Baiwar Allah, wannan ta baƙi ce." Ba tsawa ta yi ba, ba zagi. Amma maganar ta shiga, ta samu wuri ta zauna. Daga ranar Mama Leda ba ta ƙara gwadawa ba. Ta samu wani lungu a ƙarƙashin matakala inda ake ajiye tsintsiya da sabulu, ta kifa bokitin ƙarfe, nan ne wurin hutunta har ta bar aiki.

A kan bokitin nan mijinta ya same ta. Kafinta ne mai yin kujerun kushin, dogon mutum mai magana da ƙusoshi a leɓe, an kira shi ya sake wa kujerun ofis yadi. Yana neman inda zai wanke hannu sai ya leƙa lungun, ya gan ta tana cin burodi.

Ya ce, "Ikon Allah. Gidan nan kujera ta fi ɗari, ke kuma bokiti kika zaɓa?"

Ta ce, "Shi kaɗai ya san tsawona."

Ya yi dariya har ƙusa ta faɗo daga bakinsa. Aikin kwana uku ya ja shi ya kai kwana tara, kafin shekara ta zagayo an ɗaura musu aure a majami'a. Tun ranar bai ƙara kiranta da wani suna ba sai Doguwa, ita kuma da yara suka zo sai ta koma ce masa Baban yara. Mutanen layi suna ce masa Baba Kafinta. Uku suka haifa. Biyu aiki ya kai su nesa, sai Auta da ta yi aure kusa, tana koyarwa a makarantar firamare.

Duk tsawon shekarun nan Baba Kafinta yana ƙera wa gidajen mutane kujeru, gidansa benci ne da tabarma. Sai a shekarar da matarsa za ta bar aiki ya fara makara a shago, yana dawowa da ƙurar soso a gashi. Ranar da ta yi sallama da ofis ta roƙi a bar mata tsohon bokitinta, aka bar mata. Washegari ta same shi a tsakar gida ya durƙusa yana auna bokitin da tef, fensir a kunne.

"Baban yara, lafiya? Abin ya kai ga bokiti?"

"Murfi zan yi masa," in ji shi, ya naɗe tef ya fita. Murfin bai taɓa zuwa ba, ita ma ta manta.

Wata huɗu bayan haka kujeru suka iso a kan amalanke, naɗe cikin leda mai kauri saboda hadarin da ya haɗo ranar. Aka shigar da su falo. Mama Leda ta zagaya su sau uku, sannan ta durƙusa a tsakiyar ɗakin ta yi wa Allah godiya da hawaye. Godiyar gaskiya ce, babu ha'inci a cikinta. Matar da aka ce wa kujera ta baƙi ce, yau ga ta da kujeru nata na kanta, a ɗakinta, aikin hannun mijinta. Ya ɗauko babban almakashinsa zai yanke ledar, ta riƙe masa hannu.

"Bari sai Lahadi. Fasto ya zo ya sa albarka tukuna."

Fasto ya zo, ya zauna, ya zame, ya gyara zama, ya sa albarka. Sai ta ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ta ce a bari a gama bikin Auta, kada 'yan biki su ɓata. Aka gama biki, jikoki suka zo, ta ce a bari su yi wayo. Kullum da dalili, kuma kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai, ba za ka ce ba shi da ma'ana ba.

Abu ɗaya ne ya ɓata mata rai game da kujerun. Tun kwana na biyu ta lura ɗaya daga cikin ƙananan ba daidai take da 'yar'uwarta ba. Ta gaza ta tsawo da yatsu huɗu, mazauninta bai kai zurfin ɗayar ba, kuma a ƙasan majingina akwai wani tudu kamar an cusa soso ya yi yawa. Ta kira shi ta nuna masa.

Ya ce, "Ki zauna mana ki ji."

"Da wannan zanen aikin? Ka dai faɗa mini me ya faru."

Ya dube ta, ya dubi kujerar, ya sosa ƙeya. "To, katako ne ya ƙare."

Ta yarda. Ta ji masa kunya ƙwarai, mutumin da ya yi shekara arba'in babu wanda ya taɓa dawo masa da aiki, a ce tsufa ya fara taɓa masa ido a kan kayan gidansa. Ta je shagonsa ta tsinto guntayen katako huɗu ta sa a ƙarƙashin ƙafafun, ta tura kujerar kusurwa, ta yafa mata farin ƙyalle don ya ɓoye tudun. Ya dawo ya gani. Ya tsaya ya kalla, ya fita tsakar gida yana feɗuwar wata waƙar sujada. Shi ma dai ba za a wanke shi tas ba, don yana da taurin kai irin na masu sana'ar hannu, waɗanda suke ganin aiki in ya yi kyau shi zai yi wa kansa magana.

A da, in Mama Leda ta farka, wanke fuska take yi ta durƙusa a gefen gado, ta ambaci mijinta da 'ya'yanta ɗaya-ɗaya a gaban Allah, ta karanta abin da ya sauƙaƙa, sannan ta taɓa tsintsiya. Da kujeru suka zo sai ta ce bari ta ɗan leƙa falo ta kaɗe ƙura, minti biyu ne. Minti biyu suka zama goma. Daga baya ta gane ai mutum yana iya addu'a yana aiki, Allah ba kurma ba ne. Sannu a hankali addu'ar ta ƙanƙance ta koma "Na gode Uba" a bakin ƙofar falo, shafar kuwa ta yi ta tsawo. Tana da tsumma uku, na leda, na hannuwan katako, da na ƙafafu wanda take ɗiga wa mai. Na ƙafafun sai ta durƙusa, ta bi su goma sha huɗu, don babbar shida gare ta, kowace ta shafe ta har ta yi ƙyalli.

Wata safiya yana tsaye a ƙofa da kofin shayi, ya daɗe yana kallonta a durƙushe, sai ya ce, "Doguwa, ni fa kujera na ƙera. Ban san gunki na sassaƙa miki ba."

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, abinci ma dangwarar masa take yi. Gunki? Ita? Ita da ko layar da kakarta ta bar mata sai da ta kai wa dattawan majami'a suka ƙone? A Lahadin da Fasto ya yi wa'azi cewa gumakan zamanin nan ba su da ido da hanci, cewa kowa ya tambayi kansa wa yake fara gaisarwa da safe, Mama Leda ce ta fi kowa ɗaga murya da "Amin". Tana faɗa tana satar kallon wata mata mai sarƙar zinariya, da wani saurayi da ke latsa waya a ƙarƙashin benci. Har ta yi musu addu'a a zuciyarta. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A shekara ta goma sha ɗaya guduma ta suɓuce daga hannun Baba Kafinta a shago, ya sunkuya zai ɗauka, bai iya tashi ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakin nan da ba ya rabo da zolaya ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya, in ya yi ƙoƙari biyu. Mama Leda ta yi jinya irin wadda ake ba da labari. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke juya shi, ita ke kwashe abin da ba a faɗa, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Da za a sallame su daga asibiti likita ya ce kada a bar shi kwance wuni guda. A riƙa zaunar da shi a kujera mai laushi, mai majingina da hannuwa, don ƙirjinsa da fatarsa.

A hanyar gida Auta ta ce, "Shi ke nan Mama, an yi sa'a. Sai a yanke ledar nan a riƙa zaunar da shi a falo."

"Falo akwai zafi. Tsakar gida ta fi iska."

"Mama, likita cewa ya yi mai laushi."

"Ai akwai matasan kai. Kin ga yanzu miyau yana zubo masa, wani lokacin ma ba ya iya riƙe fitsari. Aikin hannunsa ne fa, na ƙarshe da ya rage mana. In ya lalace wa zai sake yin irinsa? Bari ya ɗan ji sauƙi."

Auta ta ce, "Mai hannun yana nan da rai, Mama," amma a hankali ta faɗa, kuma uwar ta yi kamar ba ta ji ba.

Aka samo kujerar roba, aka cusa mata matasan kai uku, aka ajiye ta a gindin mangwaron tsakar gida. Nan Baba Kafinta yake wuni. Jikinsa yana rinjaya zuwa dama, sai a zo a gyara shi, bayan ɗan lokaci ya sake rinjaya. Roba ta fara yi masa shati a kwatangwalo. Daga inda yake zaune yana hango tagar falo, ta cikinta yana ganin saman kujerun da ya ƙera suna ƙyalli. Bai taɓa nuna su da yatsa ba. Mama Leda kuwa kullum da safe sai ta shafa masa mai a wurin shatin, zuciyarta tana ɗan sosuwa, ta ce a ranta mako mai zuwa.

Ranar wata Alhamis da misalin ƙarfe uku na rana, ta buɗe tagogin falo biyu don kujeru su sha iska, ta shiga kicin tana tsince shinkafa. Ba ta lura da gari ba. Iska ce ta fara bugo ƙofa, kafin ta miƙe ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ta yar da faranti ta fita a guje. Hanyar falo ta gindin mangwaron take bi. Ta wuce shi, kusa har gefen zanenta ya shafi gwiwarsa, ta faɗa falo ta jawo tagar farko. Ta biyun sakatarta ta cije, ta tsaya tana kokawa da ita har ta shiga. Sannan ta zaro tsumma daga ƙugunta ta bi ɗigon ruwan da ya fantsamo, tana gogewa da sauri. Ruwa a kan leda, wanda ko wuni ya yi ba abin da zai yi wa yadin. Tana cikin gogewa ta ji ƙarar kofin ƙarfe ya faɗi a kan siminti.

Ta same shi ya rinjaya har kansa ya kusa taɓa hannun kujerar, riga ta manne masa a ƙashin haƙarƙari, ruwa yana bin gemunsa yana zuba, jikinsa yana kakkarwa. Da hannun hagu ya ture kofin, don ba shi da muryar kira. Ba ta iya ɗaga shi ba. Ta kama bayan kujerar ta ja da baya-baya, tana kuka tana ja, har ta kai shi baranda. Ta cire masa rigar, ta lulluɓe shi da zanenta, tana ta cewa sannu, sannu, Baban yara sannu. Ya ɗago ido ya dube ta, ya yi ta kokawa da harshensa har kalmomin suka fito.

"Sun... jiƙe?"

Da gatse ya yi, da ta ji sauƙi. Ta duba fuskarsa tana neman zolayar nan da ta saba da ita shekara arba'in, ba ta samu ba. Da gaske yake tambaya. Ya san abin da zai fi ɓata mata rai a duniya, shi ya sa yana rawar sanyi yana tambayar lafiyarsu. Mama Leda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe shi, tari ya sauka a ƙirji. Auta ta kawo likita gida, aka yi allurai, aka ce a jira a gani, in numfashin ya ƙara nauyi a koma asibiti. Auta ta ji yadda aka yi daga bakin uwarta, don Mama Leda ba ta ɓoye komai ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ɗauki tawul ta ci gaba da goge wa mahaifinta goshi.

A safiya ta uku Mama Leda ta farka, ƙafafunta suka kai ta ƙofar falo yadda suka saba. Sai da ta kama mariƙin ƙofar ta ga tsumma a hannunta, ba ta ma san lokacin da ta ɗauka ba. Ta saki mariƙin ta koma ɗaki, ta durƙusa a gefen gadon da yake kwance yana numfashi da ƙyar. Gwiwoyinta sun yi kanta, ta kuma san ba wurin addu'a suka yi ta ba. Ta buɗe baki, kalmomin da ta haddace suka ƙi zuwa, sai ta yi magana kawai.

"Ubangiji, ni ce. Ka ga abin da na yi, ba sai na faɗa maka ba. Kai ka ba ni mutumin nan, na wuce shi a cikin ruwa na ruga wurin katako da soso. Shi ma ba shi na fara wucewa ba, kai na fara wucewa, kullum da safe, shekara da shekaru. Kyauta ka ba ni, na ɗora ta inda ya kamata ka zauna. Ka gafarta mini saboda Yesu. Ba ni da bakin roƙo, amma ina roƙo. Ka bar mini shi ko kaɗan ne, ya zauna a kujerarsa."

Ta daɗe a wurin, goshinta a kan katifa, kusa da hannunsa mai rai. Can ta ji yatsunsa a kan ɗankwalinta.

A kwana na biyar zazzaɓin ya sauka, ya sha shayi rabin kofi, ya nemi a tashe shi zaune. Mama Leda ta buɗe akwatin kayan aikinsa da aka dawo da shi daga shago, ta ɗauko babban almakashin. Ya yi mata nauyi, sai da ta haɗa hannu biyu. Ta soke ledar babbar kujera ta tsarge ta daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙamshin sabon yadi ya taso, haɗe da wani ɗan warin ruma. Da ta yaye bayan kujerar sai ga ɗige-ɗigen baƙin fumfuna sun bi ɗinkin ƙasa, inda ledar ta yi ta tara gumi ba wanda ya sani. Ta tsaya ta kalle su, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ci gaba da yanka. Ta tattara ledar duka, tuli guda, ta kai waje.

Ita da Auta suka tallafo shi, ɗaya a kowane gefe, taku ɗaya hutu ɗaya, har falo. Suka zaunar da shi a ƙaramar kujerar nan mai tsawo daidai. Ya nutse a ciki, ya saki dogon numfashi, hannunsa na hagu yana shafa ɗinkin gefen, yana bin sa da babban yatsa kamar mai duba aikin wani. Sai ya juya ido kusurwa, ya ƙwanƙwasa hannun kujerarsa.

"Me kake so, Baba?" in ji Auta.

Ya nuna gajeriyar kujerar. Auta ta jawo ta kusa da shi. Ya nuna guntayen katakon da suka zube daga ƙarƙashinta, ya kaɗa hannu a fitar da su. Ya nuna farin ƙyallen, aka yaye. Sannan ya dubi matarsa.

"Doguwa. Zauna."

Ta dubi zanen jikinta, na aiki ne, har da tabon mai a gaba. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta rufe. Ta matso ta ɗosana a bakin kujerar, a ɗarare, yadda take zama a gidan mutane.

"Ciki," in ji shi.

Ta ja jiki baya. Bayanta ya taɓa majingina, kuma a daidai lokacin tafin ƙafafunta biyu suka sauka a ƙasa, shimfiɗe, har dugadugai. Tudun nan da ta ɓoye shekara goma sha ɗaya ya shiga daidai ƙasan bayanta, wurin da tsintsiya da bokiti suka bar mata ciwo, ya tallafe shi. Gwiwar hannunta ta samu hannun kujerar ba tare da ta ɗaga kafaɗa ba. Ta ɗaga yatsun ƙafarta ta mayar, ta sake ɗagawa ta mayar, siminti yana nan a ƙarƙashinsu.

Rabin bakinsa ya yi murmushi. "Bokiti," ya ce. Ya huta, ya tattaro ƙarfi. "Na auna."

Auta ta toshe baki da hannu ta fita. Mama Leda ta kifa fuska a tafin hannu ta yi kuka mai sauti, kukan baƙin ciki da na daɗi a haɗe, ba ta iya raba su ba. Da ta samu numfashi ta ce, "Haba Baban yara. Shekara goma sha ɗaya kaza tana kwana kan dami, kana kallo? Me zai ci ka in ka faɗa?"

"Na ce... zauna."

"Ka ce katako ya ƙare!"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ta miƙa hannu tana bubbuga masa baya daga inda take, don kujerun biyu suna dab da juna. Da tarin ya lafa ta riƙe hannunsa, ta ce yau addu'ar safe a nan za a yi ta, ko da yake rana ta riga ta take. Ta ambaci 'ya'yansu ɗaya-ɗaya, da jikoki, da matar nan mai sarƙar zinariya wadda yanzu take jin nauyinta. Shi ya ce amin, kalmar ta fito masa sumul.

Auta ta dawo da shayi kofi biyu, idanunta jajur. Ya ce shi zai riƙe nasa da kansa. Ya kai baki, ya kurɓa, hannun ya yi rawa, shayin ya tuntsure a kan hannun kujerar, ya malala kan sabon yadin mai launin zuma, sauran yana bin gefen bakinsa zuwa gemu. Auta ta ɗauke numfashi. Hannun Mama Leda ya riga ya kai ƙugu, ya zaro tsumma. Ta ga shayin yana faɗaɗa, yadin yana shanye shi. Ta ninke tsumman ta inda ya fi tsabta, ta tallafi haɓar mijinta, ta goge masa baki a hankali, ta bi gemun ta goge.

"Akwai zafi?" ta ce. "Bari in fifita maka sauran."